Takarda Ba Ta da Hanci

Duk wanda ya zauna a layinmu na Rafin Guza ya san ba zakara ke tashinmu ba, gorar Baffa Sallau ce. Ana sallame asuba kowa ya nufi gida, shi sai ya nufi kwata. Ya naɗe ƙafar wando, ya zura gorar nan tasa mai tsage-tsagen wuƙa cikin ruwan, ya zaro, ya kawo ta saitin ido kamar likita na duban allura, sannan ya ɗaga murya:

"Jama'a, maƙwabciya ta ƙara yatsa biyu!"

Matarsa Gwaggo Asabe ta amsa daga cikin gida: "To ka gaishe ta da kyau, tunda ita ka fara gani kafin ni!"

Maƙwabciyar dai kwatar ce. Kun tuna yadda aka yi: wata babbar mota ta taka kwalbatin bakin layi ya rufta, ruwan wanka da na wanke-wanke da wanda ba a faɗa a gaban manya duk suka rasa hanya, suka dawo suka yi zaman dirshan a gindin katangar gidanmu. Kore shar, ga kumfa, sauro kuwa har da jikoki. Katangar nan ta jar ƙasa ce, kuma ita ce bangon ɗakin da Baffa ya ba ni da na yi aure. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun da mahaifin ya rasu, shi ya kai ni koyon ɗinki. Rubutun nan ma ba a aji na koya ba, a jaridun da ake naɗo yadi na tsinto shi, in na yi tuntuɓe ku yi mini uzuri, labarin ne ke cina!

Ruwa ya yi ta cin bangon ta ƙasa. Tsaga ta fito kamar zare, kafin wani lokaci har yatsa na shiga. Wani birkila ya duba ya ce mini, "Iliya, in damina ta sami bangon nan haka, ka nemi wurin kwana." Ga matata Rabi da tsohon ciki. Mun yi gayya, samarin layi kaf, mun yashe har muka gaji, amma ina! Ruwan ba shi da mafita. Sai an fasa hanya an sa sabon kwalbati, wannan kuwa aikin ƙaramar hukuma ne.

To Baffa tsohon masinja ne, ya tsufa yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Ya ce a bar masa. Shi ke faɗa, ni ke rubutawa. Ambulan kuwa bai taɓa saye ba. Tsohuwa yake warwarewa ya juya cikinta waje, ya liƙe da koko.

"Baffa, takardar hukuma fa ce!"

"Kai da kake tela ba ka juya wuyan riga? Liƙe mini."

Duk Litinin ya saka farar rigarsa ɗaya tilo, ya taka har sakateriya. In ɗan bas ya tsaya masa a Kawo sai ya ce, "Wuce ɗana, ƙafar nan ba haya na ɗauko ta ba." Ran nan na raka shi. Wani akawu ya karɓi takardar ko buɗewa bai yi ba, ya ce, "Baba, ana duba maganar."

Baffa ya yi murmushi ya ce, "Yaro, kafin a haife ka nake ce wa mutane ana dubawa. Na san inda ake dubawar. Ɗaga kofin shayinka."

Akawu ya ɗaga. Wallahi tallahi takardarmu ta makon jiya ce a ƙasa, da zoben shayi har uku a kanta!

A hanyar dawowa, muna zuwa bakin layi warin ya tare mu, sai ya tsaya cak.

"Iliya, ajiye biro. Na gano ciwon. Takarda ba ta da hanci."

Daga ranar maganar ta zama tasa. Gwaggo ta ƙona miya ta ce ba ta ƙone ba, sai ya ce, "Rubuta ki kai sakateriya, takarda ba ta da hanci."

Litinin ta zagayo, ya wanke wata kwalbar zuma tas, ya ɗebo maƙwabciya ya cika, ya toshe, ya naɗe da takarda ya ɗaure da zare. Ya ce ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Babban da yake nufi shi ne shugaban sashen ayyuka, Injiniya Zubairu, wani dogo mai son farar shadda, wanda sa hannunsa kaɗai muke jira. Ba a bar Baffa ya gan shi ba, sai akawun nan ya karɓi tsarabar da hannu biyu, baki har kunne.

"Zuma ce, Baba?"

"Ta unguwarmu ce, ba gauraye. A ba Injiniya ya ɗanɗana."

Akawu ya ce bari ya fara duba ingancinta. Ya zare murfi. Jama'a! Mai buga tafireta ce ta fara fita, takalmi a hannu. Masu jiran layi suka bi ta. Fanka na juyawa tana raba wa kowa rabonsa. Baffa na tsaye da gorarsa yana cewa, "Kwalba ɗaya ce fa! Mu tafki gare mu, kuma a gefensa muke cin tuwo!"

Sakamakon dai aka ce wa mai gadi kada ya sake barinsa ya shiga. Kuna tsammanin ya daina zuwa? Kujera 'yar tsugunno ya ɗauka ya dasa a ƙarƙashin mangwaron bakin ƙofa. Motar Injiniya na shigowa sai ya miƙe ya dunƙule hannu: "Ranka ya daɗe, kwatarmu na gaisuwa!" Injiniya ya ɗaga gilashi. Baffa ya dawo gida ya ce wa Gwaggo, "Ashe gilashi ma ba shi da hanci."

Ana haka bazara ta kai ƙarshe, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ni kam barci ya ƙaurace mini. Kullum ina auna tsagar nan, daga yatsa ɗaya ta koma biyu. A makon ne Rabi ta sauka, namiji. Iyayenta suka aiko daga Rigachikun a kawo ta wankan gida, tunda haihuwar fari ce. Baffa ya je da kansa ya durƙusa ya roƙi a bar ta sai bayan suna. Ban gane dalili ba sai ana jibi suna, da ya kira ni zaure.

"Wane suna ka yi niyya?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Sunan marigayi, Baffa. Haruna."

Ya murza gorarsa. Sannan ya ce, "Haruna ƙanina ne, na fi ka son a tashe shi. Amma in bango ya faɗo, a ina Harunan zai kwana? Ara mini wannan. Zubairu za a sa."

Kai! Ji na yi kamar an watsa mini ruwan kwatar. Na kwana biyu ban iya haɗa ido da shi ba. Amma wa zai yi musu da wanda ya riƙe shi?

Ya sayi goro fari ƙal, wannan karon ko ciniki bai yi ba. Bai bi ta ofis ba, gidan Injiniya ya nufa, ya same shi a ƙofar gida cikin abokansa, ya ajiye goron ya ce, "Ranka ya daɗe, ba maganar kwata ta kawo ni ba. Allah ya ba mu ƙaruwa, mun yi maka takwara. Jibi suna." To kun san al'adarmu. Ana iya korar mai ƙorafi, amma wa ya taɓa korar wanda ya yi masa takwara, a gaban mutane kuma? Abokai suka hau "Ma sha Allah, an gode, an gode!" Injiniya ya ce in Allah ya yarda zai zo.

Ranar suna da sassafe na ga Baffa na jan tabarmi. Ga fili mai kyau a ƙofar masallaci, ya ce a'a. Gindin katanga ya shimfiɗa su, darduma mafi kyau kuwa, ta babban baƙo, ya kai ta daf da bakin maƙwabciya. Ni da yake ɗan fari ne kunya ta hana ni zama, sai na maƙale a wani lungu ina leƙe.

Sai ga Injiniya cikin farar shadda tana ƙara, mota ta kasa shiga layi, ya tako a ƙasa yana ɗage riga. Tun daga nesa ya zaro hankici ya toshe hanci. Aka zaunar da shi. Liman ya raɗa suna, aka sanar, sannan ya ce a yi addu'a. Kowa ya ɗaga hannu biyu. To da wane hannun za a riƙe hankici? Injiniya ya duba dama, ya duba hagu, ya ajiye hankicin a cinya ya ɗaga hannu.

Liman ya yi ta jan addu'a, ya kawo Fatiha, aka shafa. Injiniya ya kai hannu ga hankici, sai Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi wa mai jego." Aka ɗaga. Aka shafa. "A yi wa magabata." Aka ɗaga. "A yi wa Kantoma da muƙarrabansa." Aka ɗaga. "A yi wa matafiya na ƙasa da na ruwa." Iska kuwa kamar da ita aka haɗa baki, ta juyo tana kaɗowa. Idon Injiniya ya kawo ruwa. Wani tsoho ya ce, "Allahu Akbar, bawan Allahn nan akwai taushin zuciya, dubi yadda addu'a ke sa shi hawaye!"

Da Baffa ya buɗe baki karo na bakwai, liman da kansa ya ce, "Sallau, ka ji tsoron Allah, mu ma hanci gare mu!"

Daga nan aka shiga da baƙo ya ga takwara. Ni kuma ina? Ta tsagar bangon nake kallo daga waje, ido ɗaya a ciki! Gwaggo ta miƙa masa jaririn. Ya karɓa, ya dube shi, ya ɗaga kai ya bi tsagar da kallo daga ƙasa har rufi. Muka yi ido huɗu, ko in ce ido uku. Na daskare.

"Wane ne wancan?"

Baffa ya ce, "Uban yaron ne. Da ta ƙofa yake shigowa, yanzu ya kusa fara shigowa ta nan."

Ba wanda ya yi dariya sai Gwaggo. Injiniya ya taɓa bangon, ƙasa ta zubo masa a hannu, jiƙaƙƙiya. Ya kakkaɓe hannun. Sannan ya ce a hankali, "A nan yake kwana?"

"A nan, ranka ya daɗe. Zuwa ruwan farko dai."

Ya sa hannu a aljihu zai yi abin da aka saba, Baffa ya riƙe hannun. "Rago mun yanka. Kaya ubansa tela ne. Takwaranka kwalbati yake so."

Injiniya ya dube shi, ya dubi yaron, sai ya fashe da dariya har jaririn ya farka. "Baba, ka kama ni. Wallahi ka kama ni!"

Mako bai cika biyu ba muka ji ƙugin tifa. Yashi, tsakuwa, siminti, leburori! Mata suka yi ta guɗa, yara na bin tifa da gudu. Baffa ya ɗauko kujerarsa ta bakin sakateriya ya dasa a bakin aiki, tun safe har a tashi. In birkila ya ƙara yashi a kwaɓi sai gora ta sauka a kan shebur: "Ɗana, kwalbati aka ce, ba dambu ba." Samarin layi kuma muka taru muka yi wa bangona sabon gindi.

Ranar da aka yi ruwan farko ba wanda ya fake. Layi kaf muna tsaye a bakin kwalbati, jiƙe sharkaf, muna kallon ruwa na wucewa fuu, ko waiwaye ba ya yi. Baffa ya je gindin katanga ya dangwala gora, ya ɗaga ta sama ya yi kururuwa: "Jama'a, maƙwabciya ta tashi!" Aka ɗauki kabbara kamar ranar idi. Gwaggo ta ce, "Alhamdu lillahi, yau na rabu da kishi da kwata."

Yaron kuwa, tunda ɗan fari ne ba ma iya kiran sunansa, layi ya raɗa masa nasa. Ga shi nan yanzu yana aji uku, ko malaminsu Kwalbati yake ce masa. Injiniya bai taɓa fashin aiko masa da kayan salla ba.

Kada ku ce Baffa ya huta. Rabi na dawowa daga wanka ya tare ta a tsakar gida: "'Yata, ki yi ƙoƙari ki ƙaro mana. Famfon layin nan ya shekara ba ruwa, na kuma binciko, mai kula da shi sunansa Mamuda."

"In mace ce fa, Baffa?"

"Na tambayo sunan matarsa."

Na biyun ya zo namiji, ana cikin ciwon da Baffa bai tashi ba. Na shiga na durƙusa na ce, "Baffa, Mamudan ya iso." Ya kamo hannuna, nasa ba nauyi kamar kara. Ya ce, "A'a. Aro na yi, yau zan mayar. Sa masa Haruna. Ka yafe mini, na san abin ya yi maka ciwo." Na gyaɗa kai.

Cikin damina ya rasu, an kwana ana ruwa. Muka ɗauko shi ta kan kwalbatin nan, mutum ya fi a ƙirga, ba wanda ƙafarsa ta taɓa ƙazanta. Gorar tana ɗakina, jingine da bangon da ya tsayar.

Allah ya jiƙan Baffa Sallau. Yadda ya kawar mana da cuta daga hanya, Allah ka kawar masa da duk abin ƙi a makwancinsa, ka shaƙa masa ƙamshin Aljanna. Amin.