Matmurar Kakana a Ƙarƙashin Imara

Duk wanda ya girma a Gadarif, a gabashin Sudan, ya san ƙasarmu ba ta da alkawari. Da rani takan tsattsage har ƙafar akuya ta shige, da damina kuma ta kumbura ta kama takalminka ta ƙi saki. Shi ya sa iyayenmu suka tsaya ga guttiya, ɗakin nan mai zagaye da jinkar ciyawa: in ƙasa ta motsa shi ma ya motsa, kowa ya tashi lafiya. A irinsa aka haife ni, a cikinsa kuma Inna, mahaifiyata, ta tsufa. Lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a makarantar unguwa, mijina yana aikin gona a Fau sai wata-wata yake leƙo mu, ni da 'ya'yana biyu muna zaune da Inna a gidan mahaifina, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Gabas da gidanmu akwai wani fili. A da na kakana ne, mutumin da ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya sauke farali a Makka, a hanyar komawa ya ga dawar Gadarif ya ajiye sandarsa. A filin nan yake haƙa matmura, wato ramin da ake shimfiɗa wa ƙaiƙayi, a zuba dawa, a rufe da ƙasa, ta shekara ba ta lalace ba. Ramukan suna da yawa, amma babban yana jikin dangarmu, dab da bayan ɗakin Inna, kuma sai da tsani ake sauka cikinsa. Wata damina ruwa ya sami hanya ya shige shi, dawar ta ruɓe. Har yau ban manta warin ba, tsami mai hawa kai, kamar kunun da aka manta a rufe mako guda. Mahaifina ya leƙa ya ga ba abin ceto, bai ma wahalar da kansa da kwashewa ba. Ya tura kara da shara a kai, ya bi da ƙasa ya daddale. Bayan shekara biyu jakin mai ruwa ya nutse a wurin har ciki, sai da maza suka ciro shi da igiya. Muka sha dariya, aka ƙara ƙasa, aka manta. Daga baya filin ya bar hannunmu, ya yi ta canza hannu har ya faɗa wurin wani attajirin riɗi da ba ɗan unguwa ba.

Shi ne ya ce zai gina imara, bene mai hawa huɗu, kowane hawa da gidajen haya. Unguwa ta ɗauka. Lajna, kwamitin dattawan unguwa ke nan, ta sa ranar taro a filin makarantarmu bayan la'asar, aka ce har mata su zo.

Da na ji inda kusurwar ginin za ta zauna, na gane a kan babban ramin nan ne. Na ce wa Inna zan tashi a taron in faɗi zancen ramin. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar ta dube ni kamar na ce zan cinna wa gidan wuta.

"Ke 'yar nan, ki rufa mana asiri," in ji ta. "Kin buɗe baki gaban lajna, gobe maktab, ofishin hukuma, za su kira mu. Ramin waye? Na kakanki. To ina waraga, takardar gidan? Da sunansa take. Ina jinsiyyarsa, takardar zama ɗan ƙasa? Ya mutu ba shi da ita. Halas, shi ke nan, gida ya tafi."

Na ce mata zamani ya canza, ni kaina ma'aikaciyar gwamnati ce, takardar zama 'yar ƙasa tana jakata. Ko gezau. Inna ta taso tana ganin ana tsayar da mutanenmu a bakin ofis ana tambayarsu inda aka haifi kakansu, tun daga nan ta ɗauka hukuma kamar kura ce mai barci, ba ka wucewa ta gabanta da tari. Takardun gidan suna cikin wani gwangwanin alewa a ƙarƙashin gadonta, naɗe da tsumma uku. Ba ta iya karanta su ba, ba ta kuma yarda kowa ya karanta mata ba. In faɗi gaskiya, ni ma da nake cika baki, tsoron nan yana jinina. Da shi aka shayar da mu.

Ranar taro aka yi ta ka-ce-na-ce har rana ta yi ja. Wani dattijo ya ce shi damuwarsa taga: mu mutane ne masu kwana a tsakar gida, makewayinmu ba rufi, yaya za a dasa mana idanu a sama? Wani ya ce a rage hawa ɗaya, kamar daga hawa na uku ba a ganin tsakar gida. Mai shago ya ce a bar mutum ya yi gininsa, baƙi za su zo da ciniki, aka yi masa caa. Wata tsohuwa daga bayanmu ta ce in ɗan haya ya jefo guntun taba a kan jinka fa? Aka yi zancen famfo, cewa injin imara zai zuƙe ɗan ruwan da muke samu. Aka yi zancen da ya fi ɗaga hankalin kowa, cewa in bene ya shigo za a ɗaga darajar unguwa a takarda, a hana ɗakin ciyawa, a ce kowa ya yi bulo ko ya tashi. Kowa da abin da yake tsoro, kuma duk sama suke kallo.

Muhandis ɗin, wato injiniyan da ya zana ginin, saurayi ne mai ladabi, ya shimfiɗa takardarsa a kan teburin ajina yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Da aka kusa tashi sai ya ɗaga kai ya yi tambaya da Larabci, a hankali, ko akwai wani abu game da ƙasar filin da ya kamata ya sani: tsohuwar rijiya, ko hanyar ruwa, ko kabari.

Na duba sahun maza, na ga mutum uku da suka ja igiyar jakin nan da hannunsu. Ɗaya yana jan carbi, ɗaya yana gyara hula, ɗaya ya sami abin kallo a tafin ƙafarsa. Ashe ba Inna kaɗai ke da gwangwani a ƙarƙashin gado ba. Na yunƙura, har na ɗaga gwiwa, sai na ji yatsunta sun kama gefen mayafina. Ba ta ja ba, riƙewa kawai ta yi. Na koma na zauna. Wannan zaman shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Aka tashi a kan cewa tagogin da ke kallonmu za a ɗaga su sama da kan mutum, a sa musu gilashi mai duhu, a kuma ja ginin baya taku kaɗan daga dangarmu. Dattawa suka watse suna murna sun ci nasara.

Da rani aka haƙa harsashi, lokacin da ƙasa ta bushe kamar dutse. Ina dawowa daga makaranta nakan tsaya ta kafar danga in leƙa ramin kusurwa, ina roƙon Allah diga ta fasa cikin ruɓaɓɓiyar dawar, su gani da idonsu ba tare da na ce uffan ba. Suka kai zurfin da aka auna musu, ƙasa baƙa ƙirin, da tauri, suka tsaya. Abin yana can ƙasa da haka. Aka zuba kankare a kai.

Gini ya tashi, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Inuwarsa takan rufe tsakar gidanmu har hantsi, Inna ma ta ce ko ba komai ta huta da zafin safe. 'Yan haya suka cika shi. A cikinsu akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke hawa na uku, a kusurwar da ke kanmu, da jaririnta. Takan sauko da yamma ta zauna a gadon igiyarmu mu sha jabana, gahawarmu ta nan, ta ce sama kamar tanda, mu ne muka more. Ta saba da Inna har tana ce mata Hajja, tana auna mata jini kyauta. Ina zuba mata gahawa, idona yana kan kusurwar da take kwana.

Daminar farko ba abin da ya faru, har na fara cewa ko shaiɗan ne ke raya mini. A ta biyu, muna zaune, baƙuwarmu ta ce cikin raha ƙofar ɗakinta ta koyi taurin kai, sai ta sa kafaɗa take rufuwa. Washegari na zaga ta lungun da ke tsakanin dangarmu da ginin, na ga tsaga siririya ta taso daga ƙasa ta nufi tagar farko. Na sa tsinken tsintsiya, ya shige da ƙyar. Kafin kaka karan riɗi yana shiga. Daga nan na zama mai gadin tsaga: kowace safiya kafin in tafi aji sai na je na gwada. Hadari in ya haɗo daga gabas, mutane suna murna saboda gona, ni kuwa hankalina yana kan tsagar. Na ce wa Inna ta koma ɗakina, ta ce a nan aka kawo ta amarya. Na gaya wa mijina, ya ce in bi maganar manya. Na kwashe yarana na mai da su ɗakin da ya fi nisa, na bar tsohuwa da ɗan mutane a hannun Allah, ina sane.

A damina ta uku aka kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe ya ɗauke. Na fito na tarar da Inna tsaye a bayan ɗakinta da buta a hannu, ba ta yi alwalar ba, hancinta a sama. Sai ni ma na ji. Tsamin nan ne, na shekara talatin da suka wuce, yana fitowa daga gindin imara. Ƙasar wurin ta lotsa kamar an danna kwano a cikin tuwo, tsagar kuma hannuna zai shiga. Daga sama muna jin ɗan ma'aikaciyar jinyar yana kuka, uwarsa tana lallashinsa.

Inna ta ajiye butar. Ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito sanye da mayafinta na zuwa biki, gwangwanin a rungume a ƙirji.

"Kai ni maktab," ta ce.

A hanya leɓunanta suna motsi, addu'a take. A ofishin filaye muka sami wani ma'aikaci mai furfura yana shan shayi. Inna ta tsaya, ta ƙi zama, ta faɗi komai da Larabcinta mai ƙamshin Hausa: ramin, dawar, jakin, taron. Tana rungume da gwangwanin, tana jiran tambayar da ta jira duk rayuwarta. Mutumin ya rubuta, ya tambayi lambar fili, ya ce Allah ya saka mata, ya ɗaga waya.

Kafin azahar muhandis ɗin nan ya iso. Ya durƙusa ya shaƙi ƙasar, ya daɗe bai tashi ba. Ya gane ni, don a teburina ya shimfiɗa takardarsa. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ya ustaza, malama, da kun faɗa ranar, aikin mako ɗaya ne." Aka kwashe mutanen kusurwar a ranar, aka tokare ginin da ƙarafa. Ma'aikaciyar jinyar ta wuce ta ƙofarmu da ɗanta a kafaɗa da katifa a kan amalanke. Ta riga ta ji labari. Ba ta shigo ba.

Da yamma Inna ta zauna a bakin gado, gwangwanin a cinyarta, tsummansa uku ba a kwance ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Mutumin maktab ko buɗewa bai ce in yi ba," ta ce.

Muka ɗauki gadonta ni da yara muka kai yammacin gidan, kusa da turken awaki. Wannan karon ba ta yi musu ba. Imarar tana nan har yau a kan ƙarafanta, rabi da mutane rabi a rufe, kuma duk safiyar da aka kwana ana ruwa nakan zaga lungun nan in shinshina.