Sa'adiyya Ba Ta Cewa Ya Isa

Ni ce na targaɗa wa Sa'adiyya gwiwar hannu, kuma har yau in na tuna, haushinta nake ji fiye da tausayinta. Yanzu dai shuɗiyar ɗamara ta waɗanda suka yi nisa take ɗaurawa a ajinmu na kokawa, ita ke koyar da sababbin zuwa, amma sai da ta ba mu wuya.

Tela ce a unguwar Gwadabawa ta Jimeta, 'yar Fulanin Mubi. Shekarar da 'yan tayar da ƙayar baya suka shiga garin tana da sha shida, ta fito da ƙafa ita da Gogo, ƙanwar babanta da ta rene ta. Kwana huɗu suka yi a daji kafin su samu motar Yola. Takalminta ya tsinke tun ranar farko, amma sai da suka sauka Jimeta aka ga yadda tafin ƙafarta ya dagargaje. Gogo da alfahari take ba da labarin nan, wai 'yarta ko uffan ba ta ce ba. Fulako, kunyar nan ta Fulani, bai yarda mace ta nuna ciwo ba, ko da a kan gwiwa take.

Wata rana tana dawowa daga kai ɗinki unguwar Vinikilang, da rana tsaka, wani ya cafki hijabinta ta baya a lungu. Ta sandare, ko ihu ta kasa, masu wucewa ne suka ƙwace ta. Sati na zagayowa sai ga ta a unguwar Nassarawo, a ɗakin taron wata makaranta inda wata mai suna Peculiar, wadda ta zo bautar ƙasa ta ƙi komawa, ke koya wa mata jiu-jitsu na Birazil. Kokawa ce ta ƙasa, wadda mai ƙaramin jiki kan murɗe hannun ƙato ko ta shaƙe shi. Babbar dokar ajin guda ce: in aka kama ki kika ji zafi, ki bubbugi abokiyarki da tafin hannu, nan take ta sake ki.

Sa'adiyya ta fi mu duka saurin ɗauka, sai dai ba ta bubbugawa. Za ki shaƙe ta jijiya ta tashi, ita kuwa tana kallon silin kamar mai jiran layi a asibiti. Mu ne ke gajiya mu sake ta, muna tsokanarta da cewa itace aka kawo mana.

Ranar da abin ya faru, na matse hannunta na dama tsakanin cinyoyina, na ja a hankali ina jiran ta buga. Ba ta buga ba. Na ƙara ja kaɗan, sai na ji ƙas.

Peculiar ta iso a guje, da Hausarta ta kasuwa. "Kai Sa'adiyya, me ya sa ba ka buga ba? Wannan ba ƙarfi ba ne, abeg. Wanda ba ya buga, ba ya hawa tabarma na."

Sati shida hannun na ɗaure, keken ɗinkinta a lulluɓe. Duk Asabar sai ta zo ta zauna a bakin tabarma tana kallonmu. Ni kuwa na cika na batse, na same ta na ce ta mai da ni muguwa a banza.

"Adda Nahla, ba da gangan ba ne," ta ce da ni. "In na ɗaga hannun sai in ji kamar Gogo na kallona."

Da ta warke, Peculiar ta kafa mata sharaɗi: gwaji ɗaya, kamun nan dai, kuma ni ɗin dai. In ba ta buga ba, ita da ajin har abada. Na ce a nemi wata, aka ce ba wata.

Na kama hannun. Na fara ja. Ina kallon hannunta na hagu ya tashi, ya tsaya a sama, ya dunƙule. Tsoro ya kama ni sosai, don na san taurin kanta, kuma na san da hannun nan take ci. Na ƙara ja kamar tsawon yatsa.

Sai na ji taf, taf a ƙafata.

Na sake ta da sauri. Ta yi kwance a wurin, hawaye na gangara mata cikin kunne.

"Da zafi," ta ce. "Wallahi da zafi."

Shekara guda muna tare, ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Ta share fuska da bakin riga, ta tashi zaune, ta miƙo min hannun.

"Sake kamawa, Adda. Yanzu kuma ki nuna min yadda ake fita."