Shekarar da Hajo Ta Yi Ƙyanda

A shekarar fari ko karan hura wuta ba mu da shi. Kashin shanu muke ƙonawa, mu kewaye Kaka bayan magariba, cikinmu ba komai sai ganyen tafasa. Da tatsuniya take rufe mana yunwa. Ni take kira mijinta, ta ce rowata ta hana ni saya mata goro.

Ƙyanda ta shigo ƙauyenmu, yamma da Turba. Ba mu faɗin sunanta, baƙon dauro muke cewa. Yaron da ta kama ba wanka, ba nama, ba allura, don an ce allura na mayar da ƙurajen ciki. Ta kama ƙanwata Hajo. Baba ya ce gobe zai ɗora ta kan jaki zuwa asibitin Isa.

Da yamma Kaka ba ta tsokane ni ba. Ta ce ga ta nan, muka amsa. Wani baƙo ne ya sauka a gari. Matar da ta shimfiɗa masa tabarma ta yi shiru, ya kwana ya wuce. Maƙerin da ya zungure shi da ƙarfe, baƙon ya shige ɗakinsa, ya fito da ɗansa a kafaɗa. Ba mu take kallo ba, Baba take kallo.

Baba ya kwance jakin.

Kwanaki suka wuce, numfashin Hajo ya koma kamar ana jan zarto. Kaka da kanta ta ɗaura ta a baya.

“Za ni Isa. Mijina, ɗauko goran ruwa.”

Asibitin ya cika. Yara a kan gado, yara a ƙasa, har gindin itacen bedi. Aka yi wa Hajo allura. Ba ta kai la'asar ba.

A wurin zaman makoki mata suka ce ai an faɗa, allura ce. Kaka ta ɗago kai.

“Ba allura ba ce. Ni na tsai da jakin.”

Ta ci gaba da yi mana tatsuniya har ta rasu, amma ta baƙon nan ba ta sake fitowa daga bakinta ba.

Na daɗe ina jin haushinta. Sai da na haifi nawa na gane abin da aka ba ta ne ta ba mu, kuma tsoro ne ya sa. Ban yi boko ba. Amma ranar da masu rigakafi suka zo, ni na fara miƙa hannun ɗiyata. Sunanta Hajo.