Wayar Batir a Ɗakin Mai Rediyo

Ina cikin shekarata ta biyu da fara aikin buga takardu a Buza aka kawo mana odinatar, abin da yaran yanzu ke kira kwamfuta. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Ofishinmu na aikin tare zaizayar ƙasa da gina rijiyoyi ne, kuma gidan da aka ba mu tsohon ginin dutse ne a gefen gari: ɗaki huɗu a jere da baranda, sai wani ɗan sito a baya da ban taɓa ganin an buɗe ba. A kusurwar filin akwai bukkar wata tsohuwa da muka tarar a nan, ita ke share mana gida kowace safiya. Inna muke ce mata. Ba ta da yawan magana, ni ma ban taɓa tambayar yadda aka yi take zaune a wurin ba.

Akwati biyu aka sauke daga mota. Ɗaya injin ne kansa, ɗaya kuma ekaran, wato gilashin da rubutu ke fitowa a jikinsa, kamar ƙaramar talabijin. Ba sabo ba ne, wani ofis na Tawa ne ya rage mana. Shef, wato shugaban ofishin, ya ce a kai ɗakina na ƙarshe, tunda ni ce zan koya, kuma nan ne ƙura ba ta cika shiga ba.

Wanda ya haɗa kayan shi ne dattijon da ke kula da gurup, injin da ke ba mu wuta. Mutumin Madawa ne, ya yi kanikanci a soja, ni Baba nake ce masa. Ya baza wayoyi uku a kan tebur yana nuna mini ɗaya bayan ɗaya. Mai kaurin, wadda kanta ke da ƙananan haƙora, ita ke kai rubutu daga inji zuwa gilashi. Baƙar ita ce ta wuta, amma ba a bango ake sa ta ba, tana da kafarta a bayan injin, don haka da an kunna inji sai ekaran ya tashi tare da shi. Ta ukun siririya ce, ja da baƙi a murɗe, kanta ɗan zagaye kamar bututun biro, ɗaya ƙarshen kuma tsirara ne, ba komai a jiki.

"Wagga ta batir ta," in ji Baba. Ya juya ekaran ya nuna mini wata ƴar kafa a ƙasa. "Don wurin da babu gurup. Mu ba mu da bukatarta. Ki kiyaye abu biyu, ɗiyata: ba a haɗa ta tare da baƙar, kuma in aka juya ja wurin baƙi, nan take abin zai ƙone."

Ya naɗe ta ya rataye a kan ƙusa kusa da taga, muka manta da ita.

Rubutun kore ne a kan baƙi. Cikin wata biyu hannuna ya saba. Abu ɗaya ne ya dame ni: muddin ekaran na kunne, akwai wata siririyar ƙara da yake yi, kamar sauro ya shiga can cikin kunne ya ƙi fita. Na faɗa wa shef, ya kara kunnensa ya ce shi bai ji komai ba. Baba ma haka. Ya yi dariya ya ce kunnen ƙuruciya ne, shekaru za su yi mini maganinsa. Ni kuwa tun daga baranda nakan san ko yana kunne ko yana kashe.

Da bazara ta kama, shef ya tafi rangadin mako guda wajen Tabotaki da Keita. Ƙa'idar aikinmu, ƙarfe sha biyu da rabi Baba zai kashe gurup, kowa ya tafi gida, sai uku da rabi a dawo. Ranar Talata ina da rahoton da motar Madawa za ta ɗauka da la'asar, ban gama ba. Na ci abinci a gurguje na komo wajen ƙarfe ɗaya da ƴan mintoci, da niyyar in ƙarasa da tsohon keken rubutu wanda ba ya son wuta.

Garin ya yi tsit. Ko akuya babu a hanya, duwatsun bakin ƙofa kuwa sai da na ji zafinsu ta cikin takalmi. Ina hawa baranda na ji ƙarar nan. Na tsaya. Gurup yana can a rumfarsa shiru, na ma hango buhun da Baba ke rufe shi da shi. Amma ƙarar tana nan, siririya, daga ɗakina. Kwaɗon yana kulle yadda na bar shi.

Na buɗe. Tagogin ƙarfen a rufe suke, ɗakin duhu, sai wani koren haske kwance a kan tebur da bayan kujera. Babu rubutu ko ɗaya a gilashin, haske ne kawai, fili fetal. Injin kansa a kashe yake. An zare baƙar wayar daga bayansa, an naɗe ta da kyau an ajiye gefe. Siririyar da ke kan ƙusa ce a jikin ekaran, ta gangara ta bayan tebur zuwa gindin bango.

Na durƙusa na leƙa. Akwai wani ɗan katako manne da bango, dab da ƙasa, da ramuka biyu na tagulla. Na sha share wurin, ban taɓa kula da shi ba. Ja yana rami ɗaya, baƙi yana ɗaya. Kujerata kuma an ja ta baya kaɗan, an karkata ta wajen bango, ba yadda nake barin ta ba.

Na yi bismilla na fizge wayar. Hasken ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya a tsakiyar gilashi, ya daɗe kafin ya mutu. Na kwashi keken rubutun na fita baranda, a nan na gama rahoton, bayana a jingine da bango.

Na ce wa raina Baba ne ya gwada wani abu. Da ya zo na tambaye shi, sai ya dube ni.

"Da wane makulli? Naki na hannunki, na shef na aljihunshi. Kuma katakon nan ba komi cikinai. Layin ya mutu tun kahin ku zo."

Na ga alamar yana zaton rana ce ta buge ni. Na roƙe shi gobe mu dawo tare. Washegari da kansa ya mayar da wayar kan ƙusa, ya duba sakatun tagogi, ya kulle ƙofa a gabana ya riƙe makullin. Muka zauna ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bakin gida, inda muke ganin ƙofar. Ba wanda ya wuce. Inna tana cikin bukkarta, ana jin tarinta jefi-jefi. Baba yana jan tasbaha, har ya fara gyangyaɗi.

Ƙarfe ɗaya ta wuce kaɗan sai na ji siririyar ƙarar nan.

"Baba, ya kunnu."

Ya tashi ya buɗe. Hasken yana nan kamar jiya. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, sannan ya durƙusa wajen katakon ya kunna tocila. Na ga hannunsa ya tsaya. A kowane rami an cusa tsinken ashana guda biyu, an danne wayar da su don kada ta zame, an kuma karye kawunansu. Jiya ban lura ba, ko kuwa sun faɗi da na fizga.

"Ja a dama," in ji shi a hankali. "Wanda duk ya yi wannan ya san layin."

A baranda ya ba ni labarin. Kafin a ba mu gidan, ɗakina ɗakin rediyon saƙonni ne. Akwai wani ma'aikaci da kullum ƙarfe ɗaya zai zauna ya kira Tawa, ya faɗi labarin ruwa da hatsi da cututtuka, ya rubuta abin da aka aiko. Rediyon da batir yake aiki, batiran kuma faifan hasken rana ke cika su. Baba ya san shi, ya sha zuwa gyara masa. Kan wayar rediyon ya karye tun da daɗewa, sai mutumin ya riƙa danne ta da ashana, kuma kullum sai ya karye kawunan don kada su kama wuta. Shekara biyar da suka wuce aka same shi da la'asar a kan kujera, kansa a kan tebur, abin saurare a kunnensa, rai ya yi halinsa. Aka kwashe rediyon aka mayar Tawa.

"To wutar hwa, daga ina?" Ni ce na tambaya.

Muka bi layin. Daga katakon ya hau cikin bango, ya fita ta ƙarƙashin kwano, ya bi bayan ginin ya shiga ɗan siton nan. A kan rufinsa, ta gefen da ba a gani daga fili, ga faifan nan yana ƙyalli, babu ƙura ko kaɗan. Baba yana laluben abin da zai ɓalle kwaɗon sai muka ji tafiya a bayanmu. Inna ce, tana kwance wani makulli daga bakin zanenta. Ta miƙa masa.

Ciki an share shi tas. Manyan batira huɗu a kan katako, kawunansu a goge an shafa musu mai. A gefe kwalabe sun fi ashirin a jere, cike da ruwa, an toshe su da tsumma. Ga wata doguwar gora da ƙyalle ɗaure a kanta.

"Inna, wa ka kula da waɗannan?" in ji Baba.

"Ni ta, Malam. Ruwan sama na, ni ka tara shi da damina. Ya ce na rijiya na kashe su." Ba ta kama sunansa ba, sai a lokacin na gane ɗanta ne, na fari. "Ya ce kada in bari su ji ƙishirwa. Har ya tahi bai ce in bari ba."

"To ke kika shiga ɗaki kika sa wayar?"

Ta girgiza kai. "Tun randa aka hiddo shi ban ƙara taka ɗakin nan ba. Ban san ja ba, ban san baƙi ba." Sannan ta juyo gare ni, karo na farko da ta dube ni ido cikin ido. "Da can shiru na. Kwana biyun ga ni ka jin ƴar ƙarar nan in ƙarhe ɗaya ta yi, sai in san ya zauna. Ke ma kina jin ta, ko, ɗiyata?"

Bukkarta ta fi taku arba'in daga ɗakina, kuma tsohuwa ce da sai an ɗaga murya take jin gaisuwa. Na dafa ƙofar siton.

Baba bai tsawata mata ba. A ranar ya hau tsani ya yanke layin daga ƙarƙashin kwano, ya naɗe bakin da roba, ya cire katakon daga bango ya toshe ramin da siminti. Siririyar wayar kuma ya jefa ta cikin akwatin kayan aikinsa. Ranar Juma'a ya kira malamai biyu suka yi karatu a baranda, aka raba waina da goro, aka yi wa mamacin addu'a. Da shef ya dawo, abin da Baba ya faɗa masa kawai shi ne ya tarar da tsohon layi mai haɗari ya cire. Ni ma ban ƙara komai ba.

Bayan mako guda ya ja sabuwar waya daga siton zuwa bukkar Inna, ya sa mata ɗan ƙwan fitila. Ta yi godiya, amma ban taɓa jin wanda ya ce ya ga ta kunna ba.

Ekaran bai sake tashi shi kaɗai ba, ko in ce ban sake zuwa a lokacin da zan gani ba. Ko da aiki ya yi mini yawa, sai uku da rabi ta cika, na ji gurup ya tashi, sannan nake hawa barandar. Na juya teburina ya fuskanci ƙofa, na kuma canja kujerar da ta ɗakin shef ba tare da na faɗa masa dalili ba. Na sha zama ina lissafin ta inda mutum zai iya shiga ɗakin, ta rufi ko ta taga, har yau ban samo ba.

Bayan kaka ƴan'uwan Inna suka zo daga Galma da amalanke don su tafi da ita, ƙafafunta sun fara kumbura. Da safe ta aiko a kira ni. Ta kama hannuna ta sa mini makullin siton, ta nuna mini da ɗan yatsanta iyakar inda ruwan zai tsaya, gaɓa ɗaya a saman farantan da ke cikin batir, kada ya wuce, kada ya gaza. Ba ta tambaye ni ko na yarda ba, ni ma ban ce na ƙi ba.

Shekara biyu na ƙara a Buza kafin aure ya kai ni Madawa. Duk ranar Litinin da sassafe, kafin kowa ya zo, nakan buɗe siton in bar ƙofar a wangale, in zuba ruwan, in goge faifan da gorar. Damina biyu na tara ruwan sama a kwalaben. Ranar da zan tafi na kai wa Baba makullin a rumfar gurup. Ya juya shi a hannunsa, ya tambaye ni kwalba nawa suka rage, na ce tara. Ya ce za su kai damina, ya sa shi a aljihu.