Shekarar da Festy Coyne Ya Ari Bargo

Festy Coyne ya haura saba'in sosai kafin ya taɓa ɗora wa doki bargo. A kusa da Cashel aka haife shi, a gidan da yake ciki har yau, dutse a baya, teku a gaba. Bai daɗe a makaranta ba. Ya yi kamun kifi tare da mahaifinsa, ya yi aikin titi, ya je Ingila leburanci na 'yan shekaru, ya dawo ya ce bai bar komai a can da zai koma ɗauka ba. Duk wannan fadi-tashi, ba a taɓa rasa ƙananan dawakan nan farare na yankinsu na Connemara a bayan gidansa ba.

Dawakansa a fili suke kwana, ko wane lokaci ne na shekara. Da hunturu ya kama, kowace safiya zai hau wurinsu da ingirici a kafaɗa, ya zube musu a gindin katanga inda iska ba ta kaiwa, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ya taɓa gindin kunne, ya zura tafi a hammata, ya nutsa yatsu cikin gashin gadon baya har ya kai fata. In fata a bushe take da ɗuminta, sai ya bugi wuyan dokin ya wuce. Yakan ce sanyi kaɗai ba ya ka da doki mai gashi da cikakken ciki, ruwa ne da iska in sun haɗu. Kuma dokin da ya shiga hunturu da teɓa gara ya zubar da ita, in ba haka ba ɗanyar ciyawa na fitowa ciwon kofato zai kama shi.

A gangaren gidansa Dympna Lydon take, ƙanwar matarsa Nuala wadda ta rasu. Ita dawakan nuni take kiwo, tana kai su gasa a garin Clifden, tana aske musu gashi, don haka ganye na fara zuba za ka hango su cikin barguna launi-launi. Tun tana budurwa suke wasa da Festy, tsufa bai rage komai ba.

"Uwar barguna," in ji shi in ya leƙo ta kan katanga, "yau wace ce amaryar a cikinsu?"

"Naka dai ke yawo tsirara kamar marasa gata," sai ta ce. "Ba don Yaya ta yi fama da kai ba, kai ma da haka za ka riƙa zuwa coci."

Da ƙarfi ya ragu, Festy ya rabar da dawakan ya bar guda, tsohuwar goɗiya mai suna Neili. A hannunsa aka haife ta, ta kusa shekara talatin. Turamen haƙoranta sun cinye, tana tauna ingirici tana tofar da shi dunƙule-dunƙule, ga haƙarƙari ya fara nunawa ta cikin gashi.

A shekarar ne kuma ciwon suga ya sauka masa a hannu. Yatsun suka yi ta mutuwa a hankali. Bai san abin ya yi nisa ba sai ranar da ya sauke butar shayi daga wuta, can ya ga bororo a tafinsa, bai kuwa ji zafin komai ba. Likita kaɗai ya gaya wa.

Wajen tsakiyar Nuwamba aka tashi da ruwa mai tafe a karkace, rediyo kuma na cewa babbar iska na bisa hanya daga teku. Festy ya hau fili ya tarar da Neili ta ba iska baya, kai a ƙasa. Wannan bai gaya masa komai ba, kowane doki haka yake tsayawa. Ya kai hannu gindin kunnenta, ya ji kamar ya taɓa ta da ƙotar gatari. Ya gwada hammata, ya gwada baya. Har kumatunsa ya manna a wuyanta, amma ruwa da iska sun riga sun kashe masa fuska.

Ba ta karkarwa tukuna. Sai dai ya san tsohuwa irin wannan in ta kai ga karkarwa, naman da za ta zubar a kwana biyu ba zai dawo ba, kuma da wuya ta ga ƙarshen hunturu. In kuwa da ɗuminta aka lulluɓe ta, gashin da ke kare ta zai kwanta, ta yi zufa a ciki, sanyin ya same ta ta wata hanya. Ya daɗe tsaye a wurin. Sannan ya gangara gidan Dympna.

Tana yanka burodi ya shigo yana ɗigar ruwa.

"Mijin Yaya da kansa? Zauna, shayi na kan wuta. Ka cire takalman nan, yanzu na goge ƙasa."

"Ba zama na zo yi ba. Zo ki taɓa mini goɗiya."

"Ni? Hannun nan naka da ake ba da labarinsa har kasuwar dawakai ta Maam Cross, hutu ya tafi?"

Ya matso. Ya ɗora hannayen a kan tebur, tafi sama. Ta ga tabon ƙuna, ta ga wani yanka a babban yatsa da bai ma san da shi ba. Ta ajiye wuƙa, ta janyo takalman roba ta sa.

A fili shi ya riƙe ragama yana gaya mata inda za ta kai hannu.

"Gindin kunne, ba tsinin ba. Yaya?"

"Sanyi."

"Sanyi irin wane?"

"Irin na mariƙin ƙofa da sassafe."

"Hammata fa?"

"Da ɗan ɗumi, amma sai an nema."

"Sa yatsu a bayanta, ki tura har ƙasa."

"Ruwa ya kai fata, Festy."

Ta zare yatsunta daga gashin. Ita da ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ranar ba ta ce a sa bargo ba, ba ta ce kada a sa ba. Ta cusa hannu a aljihu tana jira.

"Ara mini ɗaya daga cikin kayan amaren naki," in ji shi.

Da ta kawo, za ta jefa mata a baya nan take, ya tare.

"Ba a kan jiƙaƙƙen gashi ba, ƙanwata. Sai ki kulle ruwan a jikinta."

Suka ja Neili zuwa tsohon ɗakin shanu mai rabin rufi. Suka murza ta da tattaka har hannun Dympna ya gaji, sannan Festy ya shimfiɗa busasshiyar tattaka a gadon bayan, daga wuya zuwa gindin wutsiya, aka ɗora bargon a sama yadda iska za ta riƙa ratsawa tana busar da ita. Dympna ta ce rabonta da ganin haka tun mahaifinsu na da rai. Wajen ɗaure maɗaurai Festy ya gwada, ƙarfen na suɓuce masa, sai ta ture hannunsa ta ɗaure kamar ba ta lura ba.

Sai da suka fito haske ya ga bargon da kyau. Ruwan hoda ne, da taurari.

"Wani babu?"

"Akwai shuɗi, akwai kore. Wannan na zaɓa maka."

Iskar ta zo kamar yadda aka faɗa, ta ɗauke rufin ɗakin kaji na gidaje da dama. Neili ta wuce ta tana cin dusarta da aka jiƙa da ruwan ɗumi.

Bargo kuwa ba abin da ake sawa a manta ba ne. Kullum sai an ɗaga an duba ko ya goge kafaɗa, ko ruwa ya shiga, ko tana ramewa a ƙarƙashi ba a gani. Ba wanda ya roƙi Dympna, amma tana gama da nata dawakan sai ga ta. Ta faɗi abin da hannunta ya ji, shi ya faɗi abin da za a yi. Ba kullum suke shiryawa ba. Wata safiya ta Janairu, gari garau babu iska, ya ce a cire.

"Ruwan bokiti ya zama dutse, tsoho. Kai ma riga uku ce a jikinka."

"Ni ba ni da gashinta. Me kika ji a ƙarƙashi?"

Ta zura hannu, ta ɓata rai. "Danshi. Zufa take."

"To."

Ta cire tana gunguni, goɗiyar ta yi birgima a kan daskararriyar ciyawa ta tashi gashinta a miƙe.

A ƙofar coci maza sun samu abin yi. Wani ya tambaye shi ko za a samu irin bargon daidai da tunkiya. Kafin ya buɗe baki Dympna ta ce ita ta matsa masa, ta ce in bai sa ba ba zai ƙara ganin burodinta ba. Aka yi dariya, maganar ta tsaya nan. Zancen hannu bai taɓa fita daga bakinta ba, ko ga 'ya'yansa da ke Galway, sai da shi ya ga dama ya gaya musu.

Neili ta ga ɗanyar ciyawa. Ta fito a rame, amma da ƙafafunta, tana zubar da gashi tsuntsaye na kwasa.

Festy ba mutum ne mai iya jera kalmomin godiya ba. Akwai wani gefe na katangar Dympna da ya zube tun bara, tumakin dutse na shigo mata ta nan. Aikin dutse ba ya neman kan yatsa, ido yake so da kafaɗa. Wata safiya ta fito ta same shi a wurin, ya riga ya tayar da shi zuwa gwiwa.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

Ta zagaya ta duba ta ciki, ta duba ta waje, ta girgiza dutse ɗaya da ƙafa bai motsa ba.

"Akwai wata ɓarakar can wajen rafi," in ji ta. "Amma fara zuwa ka ci ƙwai."