Makullin Motata a Aljihun Ramiz

Ramiz Karalic, makaniken unguwarmu a Travnik, ya rasu ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, a cikin garejinsa, yana da shekara sittin da takwas. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma.

Ba wanda ya gaya mini. Ranar Laraba da safe na fito ne don in je in ci maka mutunci, Ramiz, tun a gida na jera maganganun da zan yaɓa maka. Na tsaya a gindin bishiyar da ke gaban gidan burodi, inda ake manna takardun rasuwa masu koren gefe, in ga wa ya riga mu. Sai na ga hotonka. Sau uku na karanta sunan. Har yau da nake wannan rubutu, rabin zuciyata bai yarda ba.

Shekara arba'in kana duba mini mota, ina koyar da 'ya'yanka lissafi. Ba ka taɓa kwance sitiyari ba sai ka fara titsiye mai motar da tambayoyi kamar alƙali. Taurin da sanyin safiya ne, ko bayan an yi tafiya? Yana kuka in an murɗa? Daga nan ka duba iskar taya, ka duba mai, ka taɓa bel. Wata tsohuwa ta zo tana hawaye an ce sai ta canja sitiyari gaba ɗaya. Ka ƙara wa tayoyinta iska, ka ba ta kofi, ka sallame ta.

Ranar Litinin na kawo maka tsohuwar motata. Senada, 'yata, cikinta ya tsufa, kuma ni zan ɗauko ta ranar Alhamis daga ƙauyen mijinta a kan dutse. Na ce sitiyarin ya yi tauri, ka ɗan ƙara masa mai in wuce. Ka ɗaga gaban motar a jak, ka kashe inji, ka rufe ido kana juya sitiyarin da yatsa biyu. Ya tafi, ya cije, ya saki, ya sake cijewa.

"Malam, wannan ba ƙishirwar mai ba ce," ka ce. "Gaɓar da ke ƙasan sandar sitiyarin ce, gishirin da ake zubawa a titi saboda ƙanƙara ya cinye ta."

"Shekara nawa ina tuƙa ta haka? Hannuna ya saba."

"Hannunka ya saba, kwanar dutse ba ta saba ba."

Ka zare makullin ka jefa a aljihu. Na ce maka tsufa ya mayar da kai matsoraci, na ce kana son nuna iyawa ne kawai. Ka yi dariya ka ce in je in sha kofi in huce. Na tafi ko sallama ban yi maka ba. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe a duniya, kuma tana ci mini rai.

Bayan jana'iza, matarka Fadila ta kira ni gefe. Ta miƙo mini makullin, ta ce a aljihun rigar aikinka aka same shi. Sannan ta buɗe wani tsumma. Gaɓar ce, tsatsa ta yi mata ja, ta tsage har saura ƙiris ta rabu biyu. Ta ce tun da safe ka bi ƙanƙara zuwa wurin masu tsofaffin kayan mota ka samo wata, ka ɗaura, ka sauke jak, ka zauna a kujera. A nan zuciyarka ta tsaya. Na zauna a kan matakala.

Ranar Alhamis na sauko da Senada. Lanƙwasa goma sha ɗaya ce a hanyar, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, sitiyarin yana juyawa da yatsa biyu. Ta tambaye ni abin da ya sa nake kuka, na ci gaba da ƙirga.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Fadila, da 'ya'yanku Nedim da Belma, da duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar garejin nan. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ramiz, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Senada ta sauka lafiya ranar Asabar, an samu namiji, kuma sunanka ya ci. Ka yafe mini, abokina. Kai ka yi gaskiya.

Zijad Softic, Travnik