Takardun Gonakin da Yaya Sabi'u Ya Bari

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, Allah ya ji ƙansa. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in kasa. Bana wata tsohuwa ce ta sa na ɗauki biro.

Yaya Sabi'u malamin firamare ne a ƙauyenmu, can yankin Makoɗa. A wajenmu gona manne take da gona, gamba kawai ke raba su, takardun gado da na cinikin gona kuwa suna cikin adaka gara na ci. Shi ya bi gida-gida yana karɓarsu, ya ɗauki hotonsu, ya mayar wa masu su. Hotunan ya tara a wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin ajiyar Islamiyya, ya ja waya ya haɗa ta da ƙaramar da ke ofis.

Sai ya yi abin da ya kira fihirisa. Ya ce min, "Ka tuna yadda Baba ke duba bayan littafi ya gano babi? Haka za ta riƙa yi. Amma ta ofis ba ta san akwai kaya a ɗakin ajiya ba, sai an nuna mata hanya." Ya nuna mata. Ya shafe rani guda yana buga wa kowane hoto sunan mai gona da na maƙwabtansa. Daga nan suna kawai za ka buga, takarda ta fito. Na ga dattawa biyu sun shigo ofis ba sa ga maciji, sun fita suna raha.

Ya sha cewa in zauna ya koya min. Kullum ina cewa sai bayan girbi.

Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi. Bayan shekara biyu ƙaramar kwamfutar ta lalace, na kai ta Ɗanbatta da kaina, mai gyara ya goge komai ya zuba sabo. Hotunan suna nan a tsohuwar, ko ɗaya bai ɓata ba, sai dai lambobi ne kawai a kansu. Mai gyaran ya zo har ƙauye ya duba, ya ce, "Malam, sunayen a cikin fihirisar suke, ita kuwa a ƙaramar take. Da ka faɗa min, da ban taɓa ta ba." Ni ma ban sani ba.

Bana, gab da faɗuwar damina, Inna Hajara, matar marigayi Malam Audu, ta zo. Maƙwabta sun ci mata iyaka har kunya huɗu a gonar marayunta. Takardarta ta asali ta tafi ranar da ɗakinta ya rufta.

"Ɗan nan, ai yayanka suna yake kira ta fito," in ji ta. "Kira mata Audu."

Na buga, allo ya ce bai ga komai ba. Na koma ɗakin ajiya ina buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya, dubbai, wasu da ajami, wasu a kife. Kwana tara ina yi bayan an tashi makaranta, ban ci karo da ita ba. Ruwa ya sauka, maƙwabtan suka shuka har inda suke so. Inna ta dawo ta zauna a tabarma, ta dubi fuskata. Ta ce Allah ya ji ƙan Sabi'u, ta ɗauki takalmanta.

Da zai ga yau, kowa da waya a hannu amma an rasa mai mayar da aikinsa, ban jin zai yi min faɗa. Ba halinsa ba ne. Kujera zai jawo ya ce mu fara daga na farko.

Abin da ya rage nasa ke nan: takardun garinmu duka suna nan lafiya, ba gara, ba ruwa, mu ne ba mu iya kiransu ba. Na sayi littafin rubutu ina sa lamba da suna da hannu, na cika shafi goma sha ɗaya. Takardar Inna Hajara tana cikin hotunan, na tabbata. Geron maƙwabtanta kuwa har ya kai gwiwa.